Ranar da Kurege Ya Amsa Taken Karkanda

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙasa a hanci.

Ta zo mu ji ta, ma karkaɗe mata.

Wani gari ne na namun daji, can bayan dutse, inda kowa manomi ne. Sarkin Nomansu Ɓauna, mai ƙarfi, mai gaskiya, sai dai tunaninsa yakan kwana biyu a hanya kafin ya iso. Makaɗinsu tsohon Kwaɗo ne, mai gangar noma. Dogarinsu kuwa Kura. Kada ku tambaye ni wanda ya ba Kura dogarci, ni ma haka na tarar.

A garin nan kowane gida da takensa. Ranar gayya, in an taru a gonar wani, sai Kwaɗo ya rataya ganga ya riƙa kaɗa taken kowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ji nasa sai ya fito ya amsa, a miƙa masa ƙwaryar fura ya sha, sannan ya ɗauki garma ya kama kuyyarsa. Girman takenka, girman ƙwaryarka, girman aikinka.

To, akwai Kurege. Taken gidansu, tun daga kakan kakansa, bai wuce kalma uku ba: "Tona, binne, manta. Tona, binne, manta." Shi ke nan. Ƙwaryarsa kuwa ba ta fi ludayi ba. Amma ba ƙanƙantar ƙwaryar ce ta fi ci masa rai ba, wutsiyarsa ce. Da ganga ta ce "tona", sai wutsiya ta miƙe tsaye ta hau rawa, ƙafafu su hau tonon ƙasa, ba da izininsa ba. Sai jama'a su kwashe da dariya, shi kuma ya karɓi ludayinsa ya koma gefe yana cika yana batsewa.

Akwai wani take kuma da ba shi da mai amsawa, taken gidan Karkanda. Gidan ya ƙare tun da daɗewa, ba ɗa ba jika. Amma don girmamawa, duk ranar gayya sai Kwaɗo ya kaɗa shi sau ɗaya, a kawo masaki guda cike da fura a ajiye, in ba wanda ya amsa sai dattawa su raba. Taken dogo ne, farkonsa yana cewa: "Karkanda ɗan Karkanda, mai ƙaho a hanci, ƙasa na jin tafiyarka. Sha masaki ka nemi ƙari." Akwai saura a gaba, amma Kurege bai taɓa jin sauran ba. Da an ambaci masaki kunnensa ke toshewa, idonsa ya buɗe.

Ran nan ya dawo daga gayya ya ce wa matarsa Tasalla ya gaji da zama abin dariya, daga yau shi Karkanda ne. Tasalla tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, Karkanda fa? Kai da ko kaza ta yi atishawa sai ka faɗa rami." Ya ce ai shi ya sa mata ba sa ci gaba, ba su da hangen nesa. Ta ce hangen masaki dai. Ya yi kamar bai ji ba.

Sai ya tafi gindin farar ƙaya, ya karyo ƙaya guda mai tsini, ya ɓanɓaro ƙaro ya manna ta a kan hancinsa. Sai ya naɗe wutsiya, ya ɗaure ta a ciki da igiyar rama, ya zura riga a kai. Sai ya kwana biyu yana koyon tafiyar ƙasaita a tsakar gida, yana taka ƙasa da ƙarfi wai don ta ji. Ƙasa dai ba ta ce komai ba.

Aka yi gayyar noman fari. Kwaɗo ya kaɗa taken Karkanda. Ana shirin raba masaki, sai aka ji wata 'yar murya daga ƙasa ta ce, "Na amsa."

Aka duba sama, aka duba gefe, sannan aka duba ƙasa. Ga Kurege da ƙaya a hanci. Kafin dariya ta tashi ya riga ya soma bayani. Ya ce kakar kakarsa 'yar Karkanda ce ta cikinsa, aka aurar da ita wani gari a shekarar yunwa, zuri'a ta yi ta ƙanƙancewa. Ya ce wannan ƙanƙantar da suke gani ba ta asali ba ce, ta rashin masaki ce. Ya nuna hancinsa ya ce ga ƙahon gado nan ya soma tsirowa, jini ba ya ɓuya.

Ɓauna ya sunkuyo ya dubi ƙayar. Shi kuwa tsohon Karkanda aminin ubansa ne, ya goya shi yana ɗan maraƙi. Sai hawaye ya zubo masa. Ya ce Allah mai iko, ashe gidan bai mutu ba. Da Sarkin Noma ya yi kuka, wa ya isa ya yi dariya? Kowa ya haɗiye tasa.

Kwaɗo kaɗai ya tsaya yana kallon Kurege da manyan idanun nan nasa. Ya ce, "Ɗan nan, taken duka ka karɓa, ko rabi?"

Kurege ya ce, "Duka mana, Baba. Ana gadon rabin take ne?"

Kwaɗo ya ce, "Jama'a, kun dai ji." Sai ya sake ɗauko taken daga farko. Bai kai tsakiya ba Kurege ya riga ya haye bakin masaki. Ya sha, ya sha, ya sha, har santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki tsundum. Sai da aka sa ludayi aka tsamo shi. Ya ce ai haka ake sha a gidansu, daga ciki ake farawa.

Aka jawo masa garmar Karkanda, wadda sai ƙarti biyu suke ɗaga ta. Ya zagaya ta sau uku, ya ce a gidansu ba a noma da garma, da ƙaho ake yi, ƙahonsa kuwa ɗanye ne, in ya karye gari ya yi asara. Ɓauna ya ce gaskiya ne, a bar shi ya huta. Sai ya je inuwa ya kwanta, ciki ya yi gaba, shi yana baya.

Can sai Kwaɗo ya iso kan taken gidan Kurege. "Tona, binne, manta. Tona, binne, manta." Shiru, ba mai amsawa. Amma cikin rigar nan wutsiya ta ji kiran gida, ta hau mutsu-mutsu tana neman fita. Kurege ya danne ta da hannu biyu, ya zauna a kanta. Kura ta tambaye shi lafiya? Ya ce ƙuma ce, ƙumar manya ta fi cizo. Tasalla tana cikin mata masu dama fura, ta dube shi, ya kau da kai.

Aka yi gayyar maimai. Kurege ya amsa taken Karkanda, ya sha, ya sha, ya sha, ya faɗa ciki, aka tsamo shi. Aka jawo garma, ya ce ƙaho na ƙaiƙayi, alamar girma ke nan, sai an shafa masa man shanu. Aka kawo man shanu, ya shafa kaɗan a hanci, ya shafa sauran a cikin ciki. Aka kaɗa taken gidansu, ya zauna a kan wutsiya.

Aka yi gayyar huɗa. Ya sha, ya sha, ya sha. Wannan karon ya ce ya yi mafarki da kakansa Karkanda, ya hana shi aiki ranar Laraba. Aka ce ai yau Alhamis ce. Ya ce a lahira Laraba ce. Ɓauna ya hau lissafi, kafin ya gama an tashi daga aiki.

To, al'adar garin ita ce, taken da aka kaɗa gayya uku ba a amsa ba, sai a rataye shi. Ran nan Kwaɗo ya kaɗa "tona, binne, manta" har sau bakwai, a hankali, yana jira. Shiru. Sai ya ƙulla ƙulli a igiyar gangarsa, ya ce taken gidan Kurege ya hau rataya. Tasalla ta ajiye ludayi ta tafi gida tana kuka. Shi ma Kurege ya ji wani abu ya soke shi a ƙirji, ba zan ɓoye muku ba, don da wannan kiɗan ubansa ya koya masa tafiya. Amma ya ce wa kansa fura ce ta yi yawa.

Ba a daɗe ba ruwa ya ɗauke, tun gero na fidda kai. Kaka ta zo a rame. Ɗan abin da aka samu aka kai rumbu. A kwanakin girbin nan kullum da sassafe Tasalla takan ga mijinta ya fita yana ƙunƙuni ƙasa-ƙasa, ya dawo da jar ƙasa a hanci, ƙarƙashin ƙayar. In ta tambaye shi inda ya je sai ya ce Karkanda ba ya tono. Kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba, shi ma bai san ya je ba.

Rani ya yi tsawo. Aka cinye hatsi, aka cinye dusa, aka koma tafasa da rama. Daga ƙarshe, gida bayan gida, kowa ya buɗe tukunyar iri ya dafa wa 'ya'yansa. Ba gayya, ba masaki. Karkandan garin ya rame har igiyar wutsiya ta riƙa zamewa yana sake ɗaurewa.

Sai ran nan hadari ya haɗu, aka yi ruwan farko mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ƙanshi. Kowa ya fito da sungumi a kafaɗa, aka tsaya ana kallon juna. Ga danshi, ga ƙarfi, ba ƙwayar da za a jefa a rami. In ƙasar nan ta bushe ba a yi shuka ba, baɗi ba gari.

Kurege yana ɗaka sai ya ji ganga a ƙofar gida. Taken Karkanda ne. Ya yi wuf ya gyara ƙaya ya fito yana lasar baki, yana waige-waigen masaki. Ba masaki. Ga Ɓauna, ga Kura, ga gari duka. A ranar, da yake ba abin da zai toshe masa kunne, ya ji taken har ƙarshe: "Sha masaki ka nemi ƙari, ba kyauta ba ce. Ranar da iri ya ƙare, kai ne rumbun gari."

Ɓauna ya yi masa bayani da murna. Ya ce ai dalilin masakin ke nan tun zamanin kakanni, gidan Karkanda ne ke ajiye wa gari iri. Ya ce sun gode wa Allah da ya dawo musu da magaji a kan lokaci. Danshi kwana uku yake yi, a cikin kwana ukun nan suke jiran iri. Kwaɗo ya ƙara da cewa wanda ya sha masakin take ya kasa nauyinsa, al'ada ta ba Kura shi. Kura ta ce ita ba ta so, amma al'ada al'ada ce. Tana faɗa yawu na zuba.

Rana ta farko Kurege ya ce rumbun Karkanda ba ya buɗuwa sai ƙaho ya gama girma. Ɓauna ya ce ƙasa ba za ta jira ƙaho ba. Wannan karon tunaninsa bai kwana a hanya ba, yunwa ta rage masa nisa.

Rana ta biyu Kurege ya ce bari ya gudu. Ya zagaya bayan gida zai haura danga, riga ta harɗe shi, ga wutsiya a ɗaure ba abin da zai daidaita shi, ya faɗo tim a gaban Kura. Tana kwance a inuwa tana sakace. Ta ce, "Sannu da fitowa, Karkanda. Ni fa naman karkanda aka yi mini alkawari. Na san loma ɗaya ce, amma ba na raina abin manya." Ya ce iska ya fito sha. Ta ce ya sha da yawa, tana ƙara auki.

Rana ta uku da safe, ƙasa ta soma yin fari a sama. Kurege yana zaune yana manna ƙaya, dabara ta ƙare. Tasalla ta zo ta zauna kusa da shi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce ai na gaya maka ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce, "Maigida, in tafiyar ce, ka tafi da sunan ubanka. Ni Kurege na aura. Ba zan yi wa Karkanda takaba ba, ban san shi ba."

Aka zo aka tafi da shi bakin gona. Ɓauna ya tambaye shi ina iri. Kurege ya dubi jama'a, duk sun rame, kowa da sungumi. Sai kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a ranakun da ake masa dariya. Ya sa hannu ya ɓanɓare ƙayar, har da 'yar fatar hanci, ya yar. Ya ce shi ba shi da iri, ba shi da rumbu, kakar kakarsa ma Kurege ce, ko a hanya ba ta taɓa gamuwa da Karkanda ba. Ran Ɓauna ya ɓaci ƙwarai, don da gaske ya so a ce gidan aminin ubansa bai mutu ba.

Kura ta matso. Kurege ya ce yana da roƙo guda, Baba Kwaɗo ya kaɗa masa taken gidansu sau ɗaya, ya ji kafin ya tafi. Kwaɗo ya ce taken yana rataye, ba ya saukowa sai mai shi ya kira shi da bakinsa a gaban jama'a, duka, ba tsallake. Sai Kurege ya tuɓe riga, ya kwance igiya. Wutsiya ta faɗo a yamutse kamar tsohuwar tsintsiya. Ya ce, "Ni ne Kurege ɗan Kurege. Mu ne masu tonawa, mu ne masu binnewa." Sannan ya ƙarasa, "Mu ne masu mantawa."

Wani ya yi 'yar dariya a baya. Kwaɗo ya kwance ƙulli, ya ɗaga hannu, ya saki ganga.

Tona, binne, manta. Wutsiya ta motsa. Tona, binne, manta. Wutsiya ta miƙe tsaye. Tona, binne, manta. Sai ƙafafu suka kwashe shi da gudu, ba da izininsa ba. Kura ta bi shi tana cewa a tare ɓarawo. Bai yi nisa ba ya tsaya a gindin wata kalgo ya hau tono, ƙasa na tashi ta bayansa tana cika wa Kura ido. Sai ga gyaɗa, cike da rami, busasshiya, ruwa bai kai gare ta ba.

Kowa ya matso yana leƙen ramin. Kurege ma ya tsaya yana kallon gyaɗar, ya fi kowa mamaki. Ashe ƙunƙunin nan da yake yi da sassafe a lokacin girbi takensu ne yake bi a ransa, da shi yake taka ƙasa, da shi yake binnewa. Kai ya manta, ƙafa ba ta manta ba, kiɗa kawai take jira.

To, kun san hali, ko a bakin Kura yake ba ya barin ciniki. Nan take ya zauna a kan ramin ya ce a tsayar da ganga. Ya ce kafin ya ƙara taku ɗaya, Sarkin Noma ya yi alkawari biyu. Na farko, Kura ta koma gefe. Na biyu, duk abin da aka tono yau, ba a tambayar daga gonar wa ya fito. Ɓauna ya dubi ƙasa tana bushewa, ya ce ya yi.

Kwaɗo ya saki ganga. Tona, binne, manta. Gindin tsamiya, ga gero. Tona, binne, manta. Bayan suri, ga dawa, irin jar nan da ba mai shuka ta sai Ɓauna. Ɓauna ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya rufe. Tona, binne, manta. Ga wake, ga riɗi, ga gurjiya, ga ludayin Kura da ya ɓace tun bara har ta doki 'ya'yanta a kansa. Kwaɗo na kiɗa yana tsalle a baya, Kurege na tono, Tasalla na bi da kwando tana kwasa, mata na guɗa, maza na sara da sungumi ana jefa iri ana takewa. Rami arba'in da ɗaya aka tona a ranar. Kafin la'asar ba gonar da ba a shuka ba, kwana biyu kuma aka sake ruwa.

Da shuka ta fito aka yi gayyar noman fari, Ɓauna ya sa aka kawo masaki aka ajiye a gaban Kurege. Ya ce wanda ya ɗauki nauyin rumbun gari, shi ke da masaki, ko da ƙaho ko babu. Kurege ya leƙa ciki, ya tuna sau nawa aka tsamo shi. Ya ce a'a, a ba shi 'yar ƙwaryarsa ta gado, ita ce daidai bakinsa. Jama'a suka soma yabon filakonsa. Ya ce bai gama ba, a dai ajiye masakin kusa, a riƙa ƙara masa. Sau goma sha tara aka ƙara.

Sannan Kwaɗo ya rataya ganga ya kaɗa taken gidan Kurege, sai aka ji ya yi masa ƙari: "Tona, binne, manta, gari ya ci." Wutsiya ta miƙe ta hau rawa, ƙafafu suka hau tono, jama'a suka kwashe da dariya kamar yadda suka saba. Kurege ya waiga ya ga Tasalla ma dariya take yi, har tana share ido da gefen zane. Wannan karon bai koma gefe ba. Ya shiga tsakiyar fili ya bar wutsiya ta yi abin da take so, har ganga ta tsaya.

Kura kuwa ta ja tsaki ta ce ita kaɗai aka zalunta a garin nan. Ta nemi wuri za ta zauna ta yi fushi, ta zauna daidai kan ƙayar da Kurege ya yar. Shi ya sa har yau in kun ga Kura, bayanta a ƙasa-ƙasa yake, tana tafiya tana ɗingishi.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. In na yi ƙarya, a rami na arba'in da biyu na binne gaskiyar, na kuwa manta wurin. Ku dai in za ku ari taken wani, ku daure ku saurare shi har ƙarshe kafin ku sa baki a fura. In kuma kun ga ba za ku iya daurewa ba, ku kwance wutsiyarku tun da wuri, ɗaurin nan ciwo gare shi.